TARIHIN FARFESA ALFRED STOCK (1876–1946): MASANIN DA ZAIBA TA CI LAFIYARSA

Gabatarwa

Zaiba, wadda wasu ke kira makuri, ƙarfe ce mai ban mamaki. Ita kaɗai ce a cikin ƙarafa take zama ruwa-ruwa a yanayin zafin ɗaki, ba ta daskarewa sai sanyi ya kai digiri 39 ƙasa da sifiri, kuma nauyinta ya ninka na ruwa sau goma sha uku da ɗoriya. Kalmar zaiba kanta aro ce Hausa ta yi daga Larabci. A yau duk masanin da ke nazarin sinadaran tafkuna da koguna yakan auna yawan zaibar da ke cikin ruwa da laka da kifi. Wannan maƙala za ta kawo tarihin wani Bajamushe, Alfred Stock, wanda yana cikin na farko-farko da suka gano yadda za a auna ɗan mitsitsin zaibar da ke cikin ruwa da iska da abinci. Ba da son ransa ya shiga wannan fage ba, ciwo ne ya tura shi.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Alfred Stock ranar 16 ga Yuli, 1876, a birnin Danzig, wanda a yau ake kira Gdansk a ƙasar Folan. A Balin ya tashi, a can ya yi makaranta, kuma a 1894 ya shiga Jami'ar Balin domin karanta ilimin sinadarai. Shugaban sashen a lokacin shi ne Emil Fischer, wanda ya ci lambar Nobel a 1902. Stock ya sami digirinsa na dakta a 1899, daga nan aka tura shi Faris wurin Henri Moissan, mutumin da ya fara ware sinadarin fulorin. Shekara guda ya yi a can, yana haɗa sinadarai biyu, boron da silikon, waɗanda daga baya suka zama abokan aikinsa na tsawon rai. Da ya koma Balin ya ci gaba da koyarwa har 1909, lokacin da aka ba shi kujerar farfesa a sabuwar makarantar fasaha ta Breslau.

Aikin da ya ɗaukaka sunansa

A Breslau ne ya tunkari wani aiki da masana da dama suka gwada suka bari, wato haɗin boron da haidirojin. Wahalar abin ita ce waɗannan sinadarai ba su jituwa da iska ko danshi. Wasunsu da zarar sun shaƙi iska sai su kama da wuta, ruwa kuwa lalata su yake yi. To, ta yaya mutum zai yi nazarin abin da ba ya iya buɗewa a sarari?

Dabarar da Stock ya ɓullo da ita ita ce jerin bututu da kwalaben gilas da aka haɗe da juna, aka zuƙe duk iskar da ke cikinsu. A ciki yake sarrafa sinadaran, yana sanyaya wannan kwalba yana ɗumama waccan, har ya raba su ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun taɓa iskar waje ba. A 1912 ya fitar da sakamakon farko tare da ɗalibinsa Carl Massenez. A hankali ya gano sinadarai shida na wannan dangi, ya kuma yi irin wannan aiki a kan haɗin silikon da haidirojin. A 1916 ya koma Cibiyar Kaiser Wilhelm ta nazarin sinadarai da ke Dahlem a Balin, ya zama daraktanta a 1921.

Akwai wani abu da ya kamata ya ja hankalin ɗaliban harshe. Stock ne ya ba da shawarar a riƙa rubuta lamba bayan sunan ƙarfe domin bambanta nau'o'insa, tsarin da duk ɗan sakandaren da ya yi ajin kimiyya ya sani, kuma har yau da sunansa ake kiran tsarin. Ashe raɗa wa abu suna yadda ba za a rikice ba aiki ne da masu kimiyya ma suke fama da shi, ba mu kaɗai masu neman kalmomin fannu a Hausa ba.

Sai dai wannan na'ura tasa ta gilas cike take da zaiba. Da zaiba ake toshe bututu a buɗe shi, da ita ake auna ƙarfin iskar da ke ciki, da ita famfon zuƙe iska yake aiki. Gilas kuwa yakan fashe. Idan zaiba ta zube sai ta tarwatse ta zama ƙananan ƙwallaye, su gangara cikin tsagar katako da ƙarƙashin kabad, inda tsintsiya ba ta kaiwa.

Ciwon da aka rasa kansa

Abin da mutanen ɗakin binciken ba su lura da shi ba shi ne zaiba tana fitar da tururi ko ba a ɗora ta a wuta ba. Tururin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na wanda mutum ya shaƙa yakan wuce daga huhu zuwa jini, daga nan ya kai ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Sama da shekara ashirin Stock yana fama da ciwon kai da jiri da mura mai naci da ciwon dasashi da kasala. Likitoci suka yi ta magani, har da aikin hanci, a banza. Idan ya tafi hutu sai ya ji sauƙi, da ya dawo aiki sai ciwo ya dawo. Mafi muni shi ne mantuwa. Malamin da ya saba riƙe lissafi a ka ya koma yana manta sunayen mutanen da ya daɗe da sani, yana shiga aji da kyar. Mai karatu ya auna yadda wannan zai zama ga mutumin da ƙwaƙwalwarsa ce jarinsa. Abokan aikinsa ma suna ta irin wannan kuka, amma kowa yana ɗauka nasa ciwon daban ne.

A 1924 ne masanin guba Louis Lewin ya duba su, ya tabbatar da cewa zaiba ce. Aka auna iskar ɗakunan da fitsarin ma'aikatan, aka same ta a ciki. Kashin da ake nema a nesa ashe yana gindin turmi.

Daga nan Stock ya juya akalar bincikensa. A 1926 ya wallafa wata maƙala a kan haɗarin tururin zaiba a wata mujallar masana sinadarai ta Jamus, inda ya zayyana ciwonsa dalla-dalla, har da mantuwar da wani babban farfesa zai so ya ɓoye. A ganina wannan shi ne aiki mafi jarumta a rayuwarsa. A cikin maƙalar ya kuma taɓo likitocin haƙori, domin kwaɓin da suke cike ramin haƙori da shi kusan rabinsa zaiba ce. Ya ce wannan ciko yana fitar da tururi a baki, musamman nau'in da ake haɗawa da tagulla, wanda ake yawan sa wa yara a lokacin. Nan fa aka yi ca a kansa, muhawara ta ɓarke a Jamus. Binciken baya ya nuna cewa lalle cikon yana sakin tururi kaɗan, amma yawancin hukumomin lafiya sun tafi a kan cewa adadin ba ya cutar da akasarin mutane, sai dai a kiyaye da yara da masu juna biyu. Duk da haka Tarayyar Turai ta hana amfani da shi daga farkon 2025, in ban da larura ta musamman, kuma gurɓata muhalli na cikin manyan dalilanta.

A wannan shekara ta 1926 ya bar Balin ya koma makarantar fasaha ta Karlsruhe, inda ya tsara ɗakunan bincike masu wadatar iska. A 1932 aka gayyace shi Jami'ar Cornell a Amurka, laccocin da ya gabatar suka zama littafi a 1933. Wannan littafi ne wata budurwa ta saya wa saurayinta Herbert Brown kyautar kammala digiri a 1936, shi ya ja shi zuwa nazarin boron har ya ci lambar Nobel a 1979.

Auna abin da ido ba ya gani

Domin ya gamsar da masu musu, dole Stock ya iya auna zaiba komai ƙanƙantarta. Hanyar da shi da ɗalibansa suka bi mai sauƙin fahimta ce, sai dai tana son haƙuri. Za a narkar da abin da ake son aunawa a ruwan sinadari, a tsoma siririyar wayar tagulla, a yi amfani da lantarki har zaibar ta manne a jikin wayar. Sai a sa wayar cikin siririn bututun gilas a gasa, zaibar ta tashi ta taru a wuri mai sanyi ta zama ɗigo guda. Daga nan a auna faɗin ɗigon da madubin ƙara girma, a lissafa nauyinsa. Da wannan dabara sukan gano kashi ɗaya cikin ɗari na mikirogiram, shi kuwa mikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ɗigo irin wannan ko kusa bai kai kaurin silin gashi ba.

Da ya sami wannan ma'auni sai ya shiga gwada duk abin da ya zo hannunsa. A 1934 shi da abokin aikinsa Cucuel suka fitar da sakamako a kan ruwan sama da na koguna da na teku, da duwatsu da ƙasar noma da kayan abinci. Suka tarar da zaiba kusan a ko'ina, kuma kifi na cikin abincin da ya fi ɗauke da ita. Alƙaluman nan aka yi ta dogara da su shekaru da dama. Sai daga baya, da aka koyi ɗibar ruwa da kwalabe masu tsananin tsabta, aka gane cewa tsofaffin alƙaluman ruwa sun yi yawa, domin zaibar da ke cikin iskar ɗakin bincike da jikin kwalba takan shiga cikin abin da ake aunawa. Ma'aunin yau yana nuna cewa zaibar da ke cikin lita guda ta ruwan tsakiyar teku ba ta kai nanogiram ɗaya ba.

Dalilin taruwarta a kifi kuwa, Stock bai rayu ya ji shi ba. A 1956 aka gano cutar Minamata a Japan, inda masunta da iyalansu suka nakasa, da yawa suka mutu, saboda cin kifin gaɓar da masana'antar Chisso ke zubar da dagwalonta. A 1969 wasu masana biyu a Suwidin, Jensen da Jernelöv, suka nuna cewa ƙananan halittun da ke cikin lakar ƙasan ruwa suna juya zaiba zuwa wani nau'i mai suna metil-makuri, wanda yake maƙalewa a tsoka. Ƙwaro ya ci tsiro, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, babban kifi ya ci ƙarami, a kowane mataki gubar na ƙara taruwa, har ta iya ninka ta cikin ruwan sau miliyan. Shi ya sa kifaye masu cin 'yan uwansu, irin su giwan ruwa, suka fi masu cin ganye tara ta. A 1970 aka hana kamun kifi a tafkin St. Clair da ke tsakanin Kanada da Amurka saboda wannan dalili. A 2013 ƙasashen duniya suka sa hannu a Yarjejeniyar Minamata, ta fara aiki a 2017, Nijeriya ta amince da ita a 2018. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin masu haƙar zinariya da hannu, a Zamfara da Neja da Osun da sauran sassan duniya, sukan kwaɓa garin dutse da zaiba sannan su ƙona kwaɓin don zinariyar ta fito. Wannan sana'a ita ce kan gaba wajen sakin zaiba a iska a duniya, fiye da kashi ɗaya cikin uku. Tururin da suke shaƙa shi ne wanda ya ci lafiyar Stock.

Tabon da ke tarihinsa

Ba daidai ba ne a kawo alherin mutum a binne sharrinsa. A 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki, Stock ya shiga jam'iyyar Nazi. A wasiƙunsa ga wani abokin aikinsa na Amurka ya kare korar Yahudawa daga jami'o'in Jamus. Daga 1936 zuwa 1938 shi ne shugaban Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Jamus, a daidai lokacin da ake fitar da Yahudawa daga cikinta. Abin takaicin shi ne, Louis Lewin, likitan da ya gano ciwonsa ya ceto sauran ƙwaƙwalwarsa, Bayahude ne. Haka ma Richard Willstätter, wanda Stock ya gaji gurbinsa a Dahlem a 1916, kuma wanda ala tilas ya gudu daga Jamus a 1939. Lewin dai ya riga ya mutu tun 1929. Ba za a ɗora wa zaiba alhakin wannan ba, domin mutumin da ke iya auna kashi ɗaya cikin ɗari na mikirogiram a waɗannan shekaru yana cikin hankalinsa.

Ƙarshen rayuwarsa

Rashin lafiya ya sa ya ajiye aiki a Karlsruhe a 1936, yana da shekara sittin, ya koma Balin ya ci gaba da binciken zaiba. A 1943, da ruwan bama-bamai ya tsananta, ya ƙaura da matarsa zuwa Bad Warmbrunn a yankin Silesiya. A 1945 suka sake gudu da sojojin Rasha suka matso, suka fake a Aken, wani ƙaramin gari a bakin kogin Elbe. A can ya mutu ranar 12 ga Agusta, 1946, yana da shekara saba'in, bayan ya rasa kusan duk abin da ya mallaka.

A 1950 ƙungiyar masana sinadarai ta Jamus ta ƙirƙiro lambar yabo da sunansa, ɗalibinsa Egon Wiberg ne ya fara karɓa. Shekara saba'in da biyu ana bayar da ita a haka. A 2022, bayan an sake duba rawar da ya taka a zamanin Nazi, ƙungiyar ta cire sunansa, ta mayar da lambar da sunan Marianne Baudler, wata masaniyar sinadarai ta Jami'ar Kolon.