Taƙaitaccen Tarihin Robespiyar, Jigon Juyin Juya Halin Faransa

An haifi Maksimiliyan Robespiyar a garin Aras na ƙasar Faransa ran 6 ga Mayu, 1758. Yana ɗan shekara shida uwarsa ta rasu, uban kuma ya bi duniya, sai kakanninsa suka riƙe shi. Ya yi karatu a birnin Paris, sa'an nan ya komo gida ya zama lauya.

A shekarar 1789 aka zaɓe shi wakilin talakawa a majalisar da Sarki Luwi na 16 ya kira, watau majalisar da juyin juya hali ya faro daga cikinta. A nan ya yi suna wajen ƙin rashawa da neman a ba kowane namiji ƙuri'a, mai dukiya da matalauci. Abin lura shi ne, a 1791 ya roƙi majalisa ta soke hukuncin kisa, ba a saurare shi ba.

Amma da yaƙi ya dabaibaye ƙasar ciki da waje, sai ra'ayinsa ya juya. Ya goyi bayan kashe sarki, aka fille masa kai ran 21 ga Janairu, 1793. A watan Yuli na shekarar ya shiga Kwamitin Tsaron Jama'a, ya zama babban mai faɗa a ji. A ganinsa, jamhuriya ba za ta tsira ba sai maƙiyanta sun tsorata. A wannan zamani, wanda ake kira Mulkin Ta'addanci, an yanke wa mutum fiye da 16,000 hukuncin kisa, har da Demulan, abokin karatunsa. A watan Yuni, 1794, aka kafa dokar da ta hana wanda ake tuhuma ɗaukar lauya.

Ramin mugunta, an ce a gina shi gajere. 'Yan majalisa suka ga gobe su ne, suka kama shi ran 27 ga Yuli, 1794. Kashegari aka fille masa kai ba tare da shari'a ba, yana da shekara 36.

Masana tarihi sun rabu a kansa. Wasu na tuna cewa a zamaninsa aka 'yanta bayi a ƙasashen da Faransa ke mallaka, a 1794, wasu kuwa jinin kawai suke gani. Ƙuri'ar da ya nema wa talaka ta tabbata a 1848. Hukuncin kisan da ya ƙi yana matashi, ya kuma yi mulki da shi, bai kau daga Faransa ba sai a 1981.