Murtala, Kwamishinan Sadarwa

Kullum ina ganin fuskar Janar Murtala Muhammad a takardar naira ashirin, amma sai bana na san ashe sana'arsa a soja ita ce sadarwa. An haife shi a Kano a 1938, ya yi Kwalejin Barewa. Daga Sandhurst ya wuce Catterick a Ingila, ya koyi aikin wayar iska.

A 1974 Janar Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa, wato minista ke nan, gidajen waya da tarho suka dawo hannunsa. Bai cika shekara ba ya zama Shugaban Ƙasa, a Yulin 1975. Ran 13 ga Fabrairu 1976 aka harbe shi a Legas, yana hanyar ofis. Allah ya jiƙansa.