Anthony Burgess, malamin da ya ƙirƙira wa 'yan daba sara

Wannan makon, a filinmu na tarihin mashahuran mutane, mun ɗauko muku wani marubuci Bature mai suna Anthony Burgess. Kowa a nan Garo ya san muna da kalmominmu na bayan aji, da zaurancen da ake juya baki da shi idan malami ya doso, a ci gaba da hira a gabansa bai tsinci komai ba. To shi wannan mutumin malamin makaranta ne, amma ya zauna ya ƙirƙiri irin wannan sara tun daga tushe, ya rubuta littafi sukutum da ita.

An haife shi ranar 25 ga Fabrairu, 1917, a Manchester ta ƙasar Ingila, garin da masu kallon ƙwallo a cikinmu suka fi mu sani. Sunansa na yanka John Burgess Wilson. Bai cika shekara biyu ba annobar murar 1918, wadda tsofaffinmu suke kira marisuwa, ta ɗauke mahaifiyarsa da yayarsa a 'yan kwanaki. Ya so ya zama makaɗi, ya koya wa kansa kiɗan fiyano, amma a Jami'ar Manchester Ingilishi ya karanta, ya gama a 1940. Daga nan aka ɗebe shi soja, ya yi wani ɓangare na Yaƙin Duniya na Biyu a Gibraltar yana koyar da sojoji. Yana can, a 1944, wasu sojojin Amurka da suka gudu daga bakin aiki suka far wa matarsa Lynne da dare a Landan, cikin da take ɗauke da shi ya zube. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1954 ya tafi koyarwa Malaya, wato Malesiya ta yau, a wata kwaleji da ke Kuala Kangsar wadda Turawan mulki suka kafa don 'ya'yan sarakuna, kamar makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano. Ya koyi Malayanci har da rubutunsa na baƙaƙen Larabci da ake kira Jawi, ɗan uwan ajaminmu. A 1959 ya yanke jiki ya faɗi a aji a ƙasar Burunai, aka mai da shi gida. Yadda yake ba da labari, likitoci sun ce yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, shekara ɗaya ta rage masa, don haka ya duƙufa rubutu don matarsa ta sami abin riƙewa bayansa. Masu binciken rayuwarsa suna ganin ya ɗan ƙara gishiri, amma littattafai biyar dai ya rubuta a ɗan wannan tsakanin, kuma ya ƙara shekara 34 a duniya.

Littafin da ya sa muka kawo shi ya fito a 1962, sunansa A Clockwork Orange, wato lemon da aka cusa wa injin agogo: abu mai rai da aka mayar na'ura. Labarin wata Ingila ce ta nan gaba da ta lalace, inda wani yaro ɗan shekara 15, Alex, yake jagorantar 'yan daba. Da dare su sha madara mai haɗe da ƙwaya, su fita duka da fashi. Har gidan wani marubuci suka shiga suka ci zarafin matarsa, kun ga inda abin 1944 ya ɓullo. Burgess bai ba da labarin daga bakin wanda aka zalunta ba. Alex ne da kansa yake magana, da harshen 'yan dabarsa.

A nan ne ya gamu da matsala. Da ya ɗauki sarar samarin Ingila ta lokacin, kafin a buga littafin ta tsufa. Mu shaida ne: kalmar da yayyenmu suka yi tashe da ita shekara biyar da suka wuce, yau in ka furta ta dariya za a yi maka. A 1961 ya ziyarci Leningrad a Tarayyar Sobiyet, ya sake bitar Rashanci saboda tafiyar, ya kuma ga can ma akwai samari 'yan iskan gari kamar na Landan. Sai ya ɗebo kalmomin Rashanci ya lanƙwasa su da bakin Ingilishi, sama da 200, ya kira yaren Nadsat. Wannan gaɓa ce da Rashawa suke ƙarawa a ƙirga daga 11 zuwa 19, daidai da “sha” a goma sha biyar ɗinmu. Yaren 'yan goma sha ke nan. Aboki ya zama droog, madara moloko, jini krovvy. Wadda ta fi burge mu ita ce kalmar Rashanci khorosho, mai nufin abu ya yi kyau, da ya murɗa ta koma horrorshow, wadda a kunnen Bature take nufin kallon abin tsoro. Duk lokacin da Alex ya yaba abu, sai kalmar ta tona abin da yake jin daɗinsa.

Burgess bai so a sa ƙamus a bayan littafin ba. A shafukan farko mai karatu ba ya gane rabin abin da ake faɗa, saboda haka ana dukan tsoho a gabansa amma baƙin kalmomi sun zame masa labule. Kafin ya kai tsakiya ya iya yaren ba wanda ya koya masa, yana tunani da kalmomin Alex, ya zama kamar ɗan ƙungiya. A ganinmu wannan ne wurin da ya kamata a tsaya a duba. 'Yan daba a Kano da ƙauraye a Katsina ba su kiran sara da suka da sunansu na gaskiya. Suna da nasu laƙabi masu sauƙi a baki, kuma yaro yakan fara koyon kalmar tun kafin ya riƙe makami.

Daga baya aka kama Alex. Gwamnati ta yi masa allura tana tilasta masa kallon finafinan ta'asa, har ya zama da ya yi niyyar mugunta sai amai ya taso masa. Ya daina duka, amma ba don ya tuba ba, kuma kiɗan Beethoven da yake ƙauna ma ya gagare shi ji. Tambayar littafin ita ce ko wanda aka toshe wa hanyar zaɓi za a kira shi mutumin kirki. Mun yi gardama a kan wannan a taron ƙungiyarmu, wani ya jawo zancen bulalar asambile, muka tashi ba a daidaita ba. Muna neman afuwar malamin ladabtarwa.

Babi 21 ya rubuta, kuma a na ƙarshe Alex ya girma ya gaji da daba don kansa. Masu bugawa a Amurka suka cire wannan babin, suka kuma liƙa ƙamus ɗin da bai so ba; sai a 1986 aka mayar da babin. Fim ɗin da Stanley Kubrick ya yi a 1971 ya bi bugun Amurka, ya ta da ƙura har shi Kubrick ya janye shi daga gidajen kallon Ingila. Littafin ba na 'yan ƙaramar sakandare ba ne, fim ɗin kuwa ba mu ba kowa shawarar nemansa ba.

Burgess ya rubuta littattafan labari sama da 30, ya tsara kiɗa masu yawa, ya ma ƙirƙiri harshen mutanen zamanin dutse don fim ɗin Quest for Fire na 1981. Har ƙarshen rayuwarsa yana jin haushin cewa da wannan ɗan ƙaramin littafi aka fi saninsa. Ya mutu a Landan ranar 22 ga Nuwamba, 1993, yana da shekara 76.

Muna tattara sarar makarantar nan don fitowa ta gaba. Wanda yake da kalma ya rubuto ta da ma'anarta, ya miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida. Ba sai ya sa suna ba.