Lord Kelvin: Ɗan madubin da ya karanta saƙo daga ƙetaren teku

Kun tuna watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, data ta riƙa jan ƙafa a Najeriya da Ghana? To, kakan waɗannan wayoyi shi ma ya taɓa mutuwa, kuma labarinsa ba ya cika sai da William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin.

An haife shi a Belfast a 1824. Yana ɗan shekara 10 ya shiga Jami'ar Glasgow, yana da 22 ya zama farfesa a can.

A 1858 aka shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙasan Tekun Atlantika, daga Ailan zuwa tsibirin Newfoundland. Matsalar ita ce kafin wutar saƙo ta ƙetare, ta yi rauni sosai, na'urorin lokacin da ƙyar suke jin ta.

Ga dabarar Thomson. Ya manna 'yan ƙananan maganaɗisu a bayan wani mitsitsin madubi, ya rataye shi da zaren siliki a tsakiyar naɗaɗɗiyar waya, ya haska masa fitila. Komai ƙanƙantar wutar da ta iso, madubin zai ɗan juya, haskensa ya gusa dama ko hagu a kan ma'auni, ma'aikaci ya karanta harafi. Sunan na'urar galbanomita mai madubi.

Amma fa babban jami'in lantarki na kamfanin, Wildman Whitehouse, ya fi yarda da ƙarfi. Ya riƙa tura wa wayar wuta kusan bolt 2,000, ga ta dama ba ta da ƙwari. Cikin 'yan makonni ta mutu murus, kuɗin jama'a suka bi ruwa.

Thomson bai yi zuciya ba. Ya sake shiga jirgi a 1865, waya ta tsinke a tsakiyar teku. A 1866 aka dace, Sarauniya Victoria ta ba shi lambar Sir. Ya rasu a 1907, aka binne shi kusa da Isaac Newton.

In ka ga wani yana ɗaga murya a kwament don ya ci gardama, ka tuna da waɗannan mutum biyu: ɗaya ya ƙara ƙarfi ya ƙona waya, ɗayan ya gyara yadda yake saurare.