Al-Khwarizmi, Malamin Da Sunansa Ya Shiga Injin Mai Ƙwaƙwalwa

Ɗalibin da ya buɗe littafi na ɗaya na The Art of Computer Programming, wanda Donald Knuth ya wallafa a 1968, zai tarar tun a shafukan farko ana bin asalin kalmar algoridim, watau jerin matakan da ake tsara wa injin mai ƙwaƙwalwa don ya warware matsala. Kalmar kuwa sunan mutum ce da bakin Turawa ya lanƙwasa.

An haifi Muhammadu ɗan Musa al-Khwarizmi wajen shekarar 780. Laƙabinsa ya danganta shi da Khwarizm, yankin da ke kudu da tafkin Aral a tsakiyar Asiya. A Bagadaza ya yi aikinsa, a Baitul Hikima, zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833.

Wajen 820 ya rubuta littafinsa na hisabin jabaru da muƙabala, inda aka samo sunan aljabara. Ba don masana kaɗai ya yi shi ba. Kashi mai yawa na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake, sai awon filaye da ciniki, irin abin da alƙali da magatakarda ke fama da shi kullum. Babu alama ko ɗaya ta lissafi a ciki. Da kalmomi ya bayyana kome, ya kasa matsalolin gida shida, ya ba kowanne hanyarsa.

Ga misalinsa da ya fi shahara. Ana neman lambar da in an ninka ta da kanta, aka ƙara goma irinta, za a sami 39. A raba 10 biyu, 5 ke nan. A ninka 5 da kanta, 25. A haɗa da 39, ya zama 64. A ɗauki tushensa, 8, a cire 5, saura 3. Wanda bai san dalili ba, muddin ya bi matakan daki-daki, amsar da zai samu ke nan. A ganinmu nan ne girman malamin yake, domin injin ma bai san dalili ba, umurni kurum yake bi.

Littafinsa na biyu ya koyar da ƙidaya da alƙaluman Indiyawa guda tara da sifiri. Ba shi ya ƙago su ba, ko da yake akan ji ana faɗin haka. Shi dai ya bayyana yadda ake tarawa da ɗebewa da rabawa da su. Na Larabcin ya ɓace. Fassarar Latin ta ƙarni na 12 ce ta tsira, a nan ne aka mai da sunansa Algoritmi. Littafin aljabara kuwa Robert na Chester ya fassara shi a Sifen a 1145.

Har ila yau ya tsara jadawalin taurari, ya kuma rubuta littafin siffar ƙasa inda ya gyara wasu ma'aunan Batlamus.

Ya rasu wajen 850. A 1979 Knuth da Andrei Ershov suka tara masana a garin Urgench, cikin Khwarizm, don taro a kan algoridim, sa'an nan a 1983 Tarayyar Sobiyet ta buga kan sarki mai ɗauke da sunansa don cikarsa shekara 1200 da haihuwa.