Rowland Bingham: Saurayin Da Ya Ƙi Ja Da Baya

Duk wanda ya tashi daga Minna ya bi hanyar Zungeru zai ratsa ta garin Beji, idan kuma ya ƙara gaba kaɗan zai isa Wushishi. A wannan yanki masu bi suna taruwa kowace Lahadi a majami'u manya da ƙanana, suna sujada da Gbagyi da Hausa da Turanci. Sai dai ba kowane matashi ne ya san cewa bisharar da ta iso nan ta faro ne daga hannun samari uku waɗanda babu ɗayansu da ya kai shekara talatin ba. Biyu sun mutu cikin shekara guda. Na ukun, wato Rowland Victor Bingham, shi ne ya rayu ya ɗauki nauyin aikin kusan shekara hamsin.

An haifi Bingham ranar 19 ga Disamba, 1872, a garin East Grinstead na ƙasar Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 13, saboda haka tun yana yaro ya shiga neman abin da zai taimaki gida da shi. Yana da shekara 15 ya ji wa'azin ƙungiyar Salvation Army, ya tuba, ya ba da ransa ga Ubangiji Yesu. Ba da jimawa ba ya ƙaura zuwa Kanada, inda ya yi aiki, ya kuma ci gaba da wa'azi a tituna da ƙananan taruka.

A birnin Toronto ne ya haɗu da wata dattijuwa mai suna Margaret Gowans. Ta gayyace shi gidanta, ta ba shi labarin ƙasar Sudan. A wancan zamani, Sudan suna ne na dukan shimfiɗar ƙasa da ke kudu da hamadar Sahara, daga yammacin Afirka har zuwa kogin Nilu, ƙasar Hausa da ta Nufawa da ta Gbagyi duk suna ciki. Ta gaya masa cewa miliyoyin mutane suna zaune a can ba tare da mai kai musu bishara ba, kuma ɗanta Walter ya riga ya tafi Ingila neman hanyar zuwa. Maganar ta hana saurayin barci. Bayan addu'a ya yanke shawarar bin Walter.

Babu ƙungiyar mishan da ta yarda ta ɗauki nauyinsu, domin ana ganin tafiyar kasada ce, kuɗi kuma babu. Duk da haka Walter Gowans, da abokinsa Thomas Kent na birnin Buffalo a Amurka, da Bingham suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Legas ranar 4 ga Disamba, 1893. A ranar Bingham bai cika shekara 21 ba. Wani babban ɗan mishan da suka tarar a can ya faɗa musu a fili cewa ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai dai wataƙila jikokinsu.

Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham tun kafin su tashi. Aka shirya ya zauna a Legas yana karɓar saƙo yana aika musu da guzuri, sauran biyun kuwa suka nufi arewa. Lokacin yaƙe-yaƙe ne da harin bayi, ga yunwa, ga ciwo. A watan Nuwamba 1894 Walter Gowans ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau. A watan Disamba Thomas Kent ya rasu a Bida, cikin Jihar Neja ta yau. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ba tuban ko mutum ɗaya da zai nuna, sai labarin kaburbura biyu.

Ya tafi ya kai wa mahaifiyar Walter 'yan kayan ɗanta. Maimakon ta zarge shi, sai ta nuna masa cewa ta fi son ɗanta ya mutu a Sudan cikin nufin Allah da ya zauna gida cikin rashin biyayya. Bangaskiyar wannan uwa ta ƙarfafa shi, ko da yake shi kansa ya yi fama da tambayoyi masu nauyi game da dalilin da Allah ya bar abokansa suka mutu. Ya koma karatu, ya yi aikin fasto a wata ikkilisiyar Baftis a Newburgh ta jihar New York, ya auri Helen Blair a 1898. A shekarar ce ya kafa kwamiti a Toronto domin a sāke gwadawa.

A 1900 ya dawo Legas da wasu abokan aiki biyu. Zazzaɓi ya sāke kama shi, aka mayar da shi gida, abokan tafiyarsa kuma suka karaya suka bi bayansa. Sau biyu ke nan ya fāɗi. Mutane da yawa suka ɗauka maganar ta ƙare. Amma Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Bingham ya fahimci cewa jikinsa ba zai jure zama a filin aiki ba, sai ya karɓi wani matsayi dabam: ya nemo ma'aikata, ya tara taimako, ya aike su. Ayari na uku ya kafa tasha ta fari a Patigi, a bakin kogin Kwara, a 1902. Dakta Andrew Stirrett ya bi su a shekarar, shi ne kuma daga baya ya zama sananne a ƙasar Hausa da wa'azi a kasuwa, ya kuma sa hannu cikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. A 1904 aka buɗe tashar Wushishi, daga nan aikin ya bazu cikin ƙasar Gbagyi, zuwa Paiko da Kuta da Minna.

Ƙungiyar da aka sani da Sudan Interior Mission, wato SIM, ta girma a ƙarƙashin jagorancinsa. Ta shiga ƙasar Nijar a 1924, ta kai Habasha a 1927. Bingham ya yi ta zagaya ikkilisiyoyi da makarantun Littafi Mai Tsarki a Kanada da Amurka da Birtaniya yana kiran samari da 'yan mata. Ta wurin mujallar da ya shugabanta tun 1904 ya riƙa sanar da masu bi abin da ke faruwa a filin aiki. Bai ɓoye wa matasa wahalar aikin ba, domin shi kansa ya ɗanɗana ta, bai kuwa raina su saboda ƙuruciya ba, domin ya tuna yadda aka raina shi. Ya kuma kula da iyalan ma'aikata, ya buɗe gida domin 'ya'yan 'yan mishan a Kanada, ya sa masa sunan Gowans.

Ya rasu a watan Disamba 1942, 'yan kwanaki kafin ya cika shekara 70, ya bar ɗaruruwan ma'aikata a filin bishara. A 1954 ikkilisiyoyin da aikin ya haifa suka haɗu suka zama ECWA, wadda ke aika nata 'yan mishan ta hannun EMS. A 2005 aka kafa jami'a a Karu ta Jihar Nasarawa da sunansa.

Rayuwar wannan bawan Allah tana da magana ga iyalan Kirista a Beji da kewaye, inda samari da yawa ke barin gona zuwa Minna ko Abuja neman karatu da aiki, wasunsu kuma suna barin sujada tare da barin gida. Kiran Bingham ya fara ne a ɗakin wata uwa wadda ta ba saurayi abinci ta kuma ba shi babban aiki. Matashi yakan tsaya a inda aka amince da shi. Idan dattawan ikkilisiya suka ba zumuntar matasa dama ta jagoranci sujada, ta koyar a makarantar Lahadi, ta fita wa'azi ƙauyuka, ta ziyarci marasa lafiya, za su ga 'ya'yansu suna girma cikin hidima. Idan kuwa sun yi kuskure, a gyara musu cikin ƙauna, gama Bingham ma sai a karo na uku aikinsa ya tsaya.

Ga matasa kuma, Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya bar kowa ya raina ƙuruciyarsa, sai dai ya zama gurbi ga masu bi. Ba kowa ne za a kira zuwa wata ƙasa ba. Akwai mai tafiya, akwai mai aikawa, akwai mai addu'a, kuma Bingham ya yi dukan ukun. Allah ya tā da irinsa daga cikin 'ya'yan ikkilisiya a wannan zamani. Amin.