Gani Odutokun, haifaffen Nsawam da ya zana dawakin Zazzau

Ba kowa ne a Gana ya san sunan Gani Odutokun ba, alhali a nan aka yanke masa cibiya. An haife shi a Nsawam a shekarar 1946. Iyayensa Yarbawa ne 'yan garin Offa, cinikin koko ne ya kawo su, kamar dai yadda goro ya kawo Hausawa Salaga. Ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Asante, da kasuwar koko ta ja baya sai mahaifinsa ya koma Najeriya.

Bayan ya gama sakandare aikin akawu ya kama a kamfanin Nigerian Breweries. Abokai da suka ga irin hannun da Allah ya ba shi su suka yi ta matsa masa, har ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1972. Ya samu digiri na farko a 1975, na biyu a 1979, kuma a sashen zane na jami'ar ya yi ta koyarwa har ƙarshen rayuwarsa.

A Zariya idonsa ya faɗa kan abu biyu: fili da doki. Ya zana ƙasar Arewa lokacin hunturu, ciyawa ta bushe, hazo ya rufe sama, ya kuma zana mahayan hawan salla. To amma fa dawakinsa ba irin na kalanda ba ne, wanda za ka tsaya ka ƙirga ƙafafu ka duba linzami. Yakan tsinka fentin mai har ya koma ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyallen zane, ya bar launuka su gudana su cuɗanya da juna, sannan ya bi da hannu ya fito da siffa daga abin da ya samu. Shi ya sa in ka matso kusa ba ka ganin komai sai ja da shuɗi da ruwan ɗorawa sun malale. Ka ja baya kaɗan, sai ga rawani, ga mashi, ga doki a guje. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Damba a Yendi ya san haka abin yake: in dawaki suka zaburo, ƙura da kala kawai ido yake kamawa. Wannan haɗuwa ta ganganci da katari ita ce tushen tunaninsa game da zane, kuma a ganina nan ne ya fi 'yan zamaninsa da yawa.

Bai tsaya kan ado ba. A zamanin mulkin soja ya yi jerin zane-zane na sarki da sarauniya, ciki har da wanda ya nuna sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Bai ambaci sunan kowa ba, amma 'yan Najeriya na lokacin sun gane inda aka dosa. Shi da abokan aikinsa irin su Jerry Buhari sun kafa ƙungiyar Eye Society a Zariya, tare da mujallarta mai nazarin zane.

A watan Fabrairu na 1995 yana hanyar dawowa daga wani baje kolin zane da aka yi a cibiyar Goethe ta Legas, motarsu ta yi hatsari. Ya rasu tare da wasu masu zane da suke tafe tare, yana da shekara 48.